Igiyar Mutum Goma a Tekun Japan

Da sunan Allah Mai rahama, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya zuba teku, Ya saki iska bai nuna wa kowa makwancinta ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ce Yalwa, 'yar Sarkin Ruwa Maigora, daga bakin Kwara. Na tsufa a ƙasar da ba mai jin harshen uwata. Da wani falke mai alƙalami ya sauka a ƙauyenmu na masunta, sai na zaunar da shi, na ce ya rubuta abin da ya same ni da yayana Jibo, ko Allah zai sa takardar ta kai gida.

Abu biyu mahaifinmu ya bar mana. Ni ya koya mini karatun iska: in dubi launin gajimare, da tashin tsuntsaye, da yadda ruwa ke motsi, in faɗi abin da zai zo gobe. Jibo kuwa ya koya masa aikin jirgi da wani ƙulli na gidanmu. Ƙullin nan ko dorina ta ja shi ba ya saki, amma yana da ɗan wutsiya a gefe, da an fizge shi sai ya warware gaba ɗaya. Baba yakan ce masa, "Duk abin da za ka ɗaura a jikinka cikin ruwa, da wannan za ka ɗaura. Idan ya fara jan ka ƙasa, ka fizge."

Abu ɗaya ne Baba ya mutu bai sani ba: inda babbar iskar gabas take fitowa. Ya ce lallai tana da gida. Shi ya sa da muka gama aikin Hajji, ayarinmu ya juya yamma, ni na tsaya ina kallon gabas.

Jibo ya ce, "Yalwa, kin ga ni ba na son wannan kallon naki."

Na ce, "Yaya, ka koma. Ni zan je in gano."

"In koma in ce wa Inna me? Na bar ƙanwata tana bin iska?" Ya ɗauki kayana ya aza a kan nasa.

Mun ratsa duwatsun da numfashi ke gajarta a kansu. Mun ratsa rairayin da ke kuka kamar ana busa kakaki a ƙarƙashinsa. Daga nan muka faɗa wata ƙasa ta ciyawa zalla, tafiyar wata biyu ba bishiya ko ɗaya, sama ta kife a kanta kamar ƙwarya. Ƙasar Mangol ke nan. A bakin wani kogi mahayansu suka tare ayarin da muke bi. Ba su yi ihu ba, ba su yi gaggawa ba. Suka jera mu, suna tambayar kowa sana'arsa. Maƙeri da baduku da mu masu jirgi suka ware gefe. Sauran ba zan faɗi abin da aka yi musu ba.

Aka kai mu gaban sarkin yaƙinsu, wanda suke kira Noyan. Sunansa Dorgai, mutum mai kunne ɗaya, ba ya ɗaga murya. Yana zaune cikin wata babbar laima ta gashin tumaki. Jibo dogo ne, ƙofar kuma gajeriya. Ya sunkuyar da kai yana kiyaye goshinsa, bai duba ƙafarsa ba, sai ya taka dokin ƙofa.

Ashe a wurinsu wanda ya taka dokin ƙofar shugaba ya taka wuyan gidan ne, hukuncinsa kisa. Aka kayar da shi, aka zare wuƙa. Ina kuka ina roƙo da harshen da ba mai ji. Sai wani gajeren soja mai gwamen ƙafafu ya fito ya durƙusa. Daga baya na san sunansa Ebugai, na kuma san abin da ya faɗa.

Ya ce, "Noyan, gomata tara ce tun da doki ya karya mana mutum. A ba ni dogon nan. Idan ya sake taka wani abu, ka yanka mu duka."

Noyan ya dubi Jibo tsawon lokaci, ya kaɗa hannu. Aka hura wuta biyu, aka bi da Jibo ta tsakiyarsu don a wanke shi daga laifin. Ranar ya zama na goma.

Sai in bayyana maka dokar goma, don a kanta labarin nan yake tafiya. Rundunar Mangol goma-goma take. Mutum goma tukunyarsu ɗaya, wutarsu ɗaya. Idan ɗaya ya gudu, a kashe tara. Idan goman suka gudu tare, a kashe iyalansu a gida. Idan kuma abokan gaba suka kama ɗaya, dole taran su bi su ƙwato shi, in sun ƙi, a kashe su.

Ni kuwa na sami wurin zama ne da na gaya wa Noyan, da hannu da zane a ƙasa, cewa ruwa zai sauko daga duwatsu kafin azahar ɗin gobe. Ya janye dawakinsa daga kwari. Ruwan ya zo ya tafi da laimomin waɗanda ba su tashi ba. Tun daga ranar ake kirana Matar Iska.

Shekara bakwai muka yi cikinsu. Muka koyi harshensu, muka sha nonon goɗiya da suke tsimawa a salka, muka ga sanyin da ke tsaga ƙarfe. Suka koya wa Jibo hawan doki, ya faɗi sau ba adadi, Ebugai na dariya yana cewa, "Wannan ba mahayi ba ne, kayan da aka ɗaura wa doki ne." Jibo ya so ya rama ya koya musu iyo, suka ƙi. Ba sa shiga ruwa mai gudu, ko rigarsu ba sa wankewa a ciki. Ebugai ya ce, "Kifi ya taɓa zuwa ya hau dokina? To ni ma ba na zuwa gidansa."

A shekara ta takwas babban sarkinsu ya ba da umarni a ƙetare teku a ci tsibiran Japan, waɗanda mutanensu ke kira Mafitar Rana. Da na ji gabas za a yi, Allah Ya gafarta mini, sai na yi murna.

Jiragen sun fi ƙarfin ƙirga, amma cikin gaggawa aka yi su. Jibo ya zaga namu yana ƙwanƙwasa katako da yatsa, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Ɗanyen itace ne, Yalwa. Kuma dubi gindinsa, shimfiɗe kamar faifai. Jirgin kogi ne aka ce ya je teku."

Duk da haka mun isa. Muka ga tsibirai masu duwatsu kore shar, gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tuddai, da wata doguwar katangar dutse da suka gina a bakin gaɓa. Ranar farko wani jarumi ya fito shi kaɗai a kan doki, sulkensa ɗinke da jan alharini, hularsa da ƙaho. Ya harba kibiya mai fito, ya tsaya yana kirari da ƙarfi. Tafinta ya ce sunansa yake faɗa, da na ubansa, da na kakansa, yana neman wanda ya kai shi daraja ya fito su gwabza su biyu. Haka al'adarsu take. Mangol suka fashe da dariya, aka buga ganga, kibau ɗari suka sauka a kansa lokaci ɗaya.

Ebugai bai yi dariya ba. Ya ce, "Kaico. Mutumin nan ba shi da goma."

Amma katangar ta hana mu sauka. Mako bakwai muna kan ruwa. Dawaki suka fara mutuwa a cikin jiragen, ciwon ciki ya shiga mutane, kullum ana jefa gawa. Su kuma mutanen tsibirin suka riƙa zuwa cikin hazon asuba da ƙananan kwalekwale, su hau jirgin da ya ware, su sare kawuna, su cinna wuta, su ɓace.

Sai Noyan Dorgai ya yi abin da kakanninsa ke yi. A ƙasar ciyawa, idan abokan gaba sun kewaye zango, sai a jera kekunan shanu a yi da'ira, a ɗaure su da juna, kowa ya shiga ciki. Haka ya sa aka yi da jiragen. Aka haɗa su gefe da gefe da sarƙa da manyan igiyoyi, aka shimfiɗa katako tsakaninsu, har mutum yana iya tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan kamar a titin gari. Ya ce duk wanda ya kwance igiya ɗaya, shi da gomansa sun mutu. Harin asuba kuwa ya tsaya. Kowa ya yaba masa.

A jirginmu akwai wata tsohuwa da aka kama a wani ƙaramin tsibiri, an huda tafin hannunta an zura igiya an ɗaure ta a jikin jirgi. Sunanta Toyo. Tana cikin matan nan da ke nutso ƙasan teku su ɗebo kifin ɓawo, ƙirjinta faɗi gare shi kamar na namiji. Ni nake kai mata ruwa, nake wanke mata hannun. Ba ma jin harshen juna.

Wata safiya ta kama zanena da hannunta mai lafiya, ta nuna mini ruwa. Babu iska ko kaɗan, zafi kamar a ɗakin gashi, amma tekun na ɗagawa a hankali, yana sauka a hankali, dogayen taguwoyi suna zuwa daga kudu. Ta nuna sama: wasu siraran gajimare kamar gashin doki, duk sun taso daga wuri ɗaya. Sannan ta nuna gaɓa. Na ƙura ido. Masunta na jan kwalekwalensu suna hawa tudu da su. Mata na ɗora manyan duwatsu a kan rufin ɗakuna. Babu tsuntsu ko ɗaya a kan ruwa.

Toyo ta ɗaga yatsu biyu. Ta juya hannunta kamar mai tuƙa tuwo, ta kife shi.

Abin da na baro gida dominsa ga shi yana zuwa, kuma yayana yana kan ɗanyen katako ɗaure da wasu dubu.

Na tafi wurin Noyan na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, iska na tafe wadda ban taɓa ganin irinta ba. Kwana biyu. A kwance jiragen, kowane ya nemi tsakiyar teku ko ya fake a bayan tsibiri."

Ya ce, "Matar Iska, kin zauna da mu shekara bakwai. Idan guguwar ƙanƙara ta zo, me dawaki ke yi?"

"Sukan taru wuri ɗaya."

"Wanne ke mutuwa?"

"Wanda ya ware, ranka ya daɗe. Amma ƙasa ba ta motsi a ƙarƙashin dawaki. Nan ruwa zai ɗaga wannan jirgi ya maka shi a kan wancan. Za su farfasa juna kamar ƙwai a kwando."

Ya taɓa inda kunnensa yake a da. Ba wawa ba ne, ya kuma san ban taɓa yi masa ƙarya ba. Sai dai duk abin da ya taɓa cetonsa a duniya haɗuwa ce.

Ya ce, "Na yarda iska na zuwa. A ƙara sarƙa."

Na sami Jibo yana toshe wata kafa a cikin jirgi. Na ce masa akwai ƙaramin kwalekwale a bayan jirgin, Toyo kuma ta nuna mini da hannu cewa ta san wani kogo a jikin dutse inda ruwa ba ya kaiwa. Mu uku za mu iya.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Su tara fa?"

"Yaya, su suka kama mu."

"Ebugai ne ya kama mu? Wuƙa tana wuyana ya sa nasa wuyan a kai. Shekara bakwai ina cin tukunya ɗaya da su. In tafi, kafin la'asar an jera su an yanka. Je ki ke da tsohuwar, ba ki cikin goman kowa."

"Ba inda za ni ba kai."

"To ashe mun zauna," in ji shi, ya ci gaba da aikinsa.

Yini guda na yi ina juya dokar goma a kaina, sashe bayan sashe, kamar mai neman inda ƙulli ya fara. Ɗaya ba ya gudu. Goma ba sa gudu. Da na zo kan na uku sai na tsaya. Na tafi na sami Ebugai yana zaune ya riƙe ciki, tekun ya hana shi sakat.

Na ce, "Baba Ebugai, idan abokan gaba suka kama Jibo, me za ku yi?"

"Mu bi shi mana. Dole ne."

"Ko Noyan ba zai hana ku ba?"

"Noyan bai fi doka ba." Ya dube ni, ya dubi tsohuwa Toyo da ke ɗaure can, ya sake dubana. Sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wannan tsohuwar ce za ta kama wancan raƙumin? Ke, Matar Iska, Allah Ya tsare mu da kanki."

Washegari da hantsi, sama ta yi ja kamar tagulla. Na yanke igiyar hannun Toyo. Jibo ya kwanta a cikin kwalekwalen, hannuwansa a baya kamar an ɗaure, ta ɗora masa wuƙa a wuya da hannu ɗaya, ta tura da ƙafa, igiyar da ke riƙe da su kuwa ita ta yanke, ba ɗan goma ba. Da suka yi nisa kaɗan sai Ebugai ya kurma ihu, "An kama mana mutum! An kama na goma!"

Aka taru. Noyan ya fito ya tsaya yana kallon kwalekwalen. Maharba suka ɗana kibau, ya ɗaga hannu ya hana su. Ebugai ya durƙusa ya nemi jirgin bi. Ni ina bayansu, na shirya in shiga a matsayin mai nuna hanya.

Noyan ya ce, "Doka ce. A ba su ƙaramin jirgi." Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tsohuwa mai hannu ɗaya ta kama ƙato. Wayonki ya yi kyau, kuma ban ga inda ya karya doka ba. Su tafi. Ke kuwa kin ce iska na zuwa. Za ki zauna mu gan ta tare."

Ebugai ya buɗe baki, na girgiza masa kai. Na ce a hankali, "Kada ka gaya wa Jibo sai iskar ta wuce. Ka ce ina jirgin baya." Ina tsaye har suka sha kwanar dutse. Wallahi zuciyata fari tas. Na ce a raina na gama abin da ya kawo ni.

Amma ban zauna jiran mutuwa ba. A gida masunta kan hau gora su yi iyo a kanta. Nan babu gora, sai na ɗauki salkuna biyu na nonon goɗiya, na zubar, na hura su, na ɗaure bakinsu, na ɗaura a ƙirjina.

Bayan azahar iskar ta iso. Da farko ƙara ce, kamar garken shanu dubu a guje. Sai rana ta ɓace. Ruwa ya tashi ya fi katangar gari. Ya ɗaga jirgin da ke gefenmu har na ga gindinsa, sarƙa ta riƙe shi ta dawo da shi, ya faɗo mana. Haka kowane jirgi ya zama guduma a kan ɗan'uwansa. Wanda ya nutse sai ya ja na kusa da shi, shi ma ya ja na gaba. Dawaki na kuka kamar mutane. Na ga Noyan Dorgai da gatari a hannu, shi da ya ce a kashe mai kwance igiya, yana saran sarƙa da kansa. Ƙarfe ne, gatarin tsalle kawai yake yi. Ya ɗago ya dube ni. Sai katakon da muke kai ya rabe.

Ban san tsawon lokacin da na yi a ruwa ba. A tsakiyar abin, iskar ta tsaya cak, na ga sama shuɗiya ta wata kafa zagayayya, gajimare sun kewaye ta kamar bangon rijiya, suna juyawa. Na ce, Baba, ga gidan nan. Babu kowa a ciki. Sai bangon ya rufo.

Na farka a kan rairayi da safe. Gaɓar ta cika da katako da gawawwaki har mutum zai iya tafiya a kansu bai taka ƙasa ba. Jaruman tsibirin na bi suna sare kan duk wanda ke motsi. Ɗaya ya tsaya a kaina ya ɗaga takobi, sai ga Toyo a guje. Ta faɗa a kaina, ta ɗaga hannunta mai huda tana nuna masa, tana nuna ƙyallen zanena da ke naɗe a kai, tana zazzaga masa faɗa kamar ɗan cikinta. Ya sauke takobin ya wuce.

Na riƙe ta na ce, "Jibo? Jibo?"

Ta kama hannuna ta ja ni.

Sai da na koyi harshenta, bayan shekara biyu, ta ba ni labarin abin da ya faru a kogon. Sun isa lafiya, su goma da ita. Wuri busasshe, can sama. Da iska ta fara, Jibo ya ƙirga mutane ya tambayi ina nake. Ebugai bai iya ƙarya ba, ya faɗa masa. Jibo bai yi faɗa ba, ya tashi ya nufi jirgi. Ya ce su zauna, ba wanda zai sani. Ebugai ya ce, "Wa ya ce maka don a sani muke yi?" Duka tara suka miƙe, mutanen da ko gwiwarsu ba su taɓa sawa a kogi ba. Toyo ta ce ta tare bakin kogon da jikinta, suka ɗauke ta suka ajiye a gefe da ladabi.

Ranar dai ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne ta kai ni wani lungu tsakanin duwatsu biyu. Suna nan kwance a jere, su goma, igiya ɗaya ta bi ta ƙugun kowa. Da yake ba su iya iyo ba, Jibo ya ɗaura su a jikinsa. Shi ne a gaba, Ebugai na biye da shi.

Jibo yakan ƙetare Kwara da damina ya dawo bai huta ba. Inda jirginsu ya kife bai fi jifa uku daga gaɓa ba. Shi kaɗai da ya fita.

Na durƙusa na duba ƙugunsa. Ƙullin gidanmu ne, na Baba. Ɗan wutsiyar yana nan a gefen damansa, daidai inda hannu ke kaiwa. Na sa yatsu biyu na ja, ya warware nan take.

Ni da Toyo muka haƙa rami ɗaya mai tsawo a kan tudu. Na yi wa yayana salla yadda na iya, na kwantar da shi yana fuskantar alƙibla, wadda a can take yamma. Taran na jera su a bayansa. Igiyar na riƙe, tana rataye a ɗakina shekara talatin da ɗaya ke nan.

Yanzu ni nake faɗa wa ƙauyen nan ranar da za a ja kwalekwale a hau tudu, kuma ban taɓa kuskure ba. Malam, ka rubuta wa mutanen gidanmu cewa na gano inda iskar gabas take fitowa. Ka rubuta kuma cewa Jibo ɗan Maigora bai manta ƙullin ubansa ba, ya ɗaura shi daidai. Allah Ya jiƙan shi, Ya sa mu cika da imani. Nan zan tsaya.